Yadda na koyi sintiri a makarantar kwana

Kamfanin tsaron da ya ɗauke ni bai tura ni makaranta kai tsaye ba. Sai da na kawo takardar 'yan sanda mai nuna ba ni da tabon laifi, mutum biyu suka sa hannu sun tsaya mini, likita ya auna idona da jinina, aka kuma kira inda na yi aiki a baya aka tambayi halina. Waɗanda za a tura sito ko ma'aikata ba a tsananta musu bincike haka ba. Da na yi ƙorafi, jami'ar ɗaukar ma'aikata ta ce, "Malam, su kaya za su tsare, kai kuwa 'ya'yan mutane za a bar maka cikin dare." Ban sake cewa uffan ba.

Daga nan aka sa mu a aji. Abin da mai horar da mu ya fara cire mana daga kai shi ne tunanin cewa yunifom ya mai da mu 'yan sanda. Ba mu da ikon dukan kowa, ba mu da ikon lalube aljihun ɗalibi don kawai fuskarsa ba ta yi mana ba, in kuma mun kama ɓarawo iyakarmu mu tsare shi mu kira hukuma. Aikinmu a gan mu, mu gani, mu sanar, mu rubuta. Waɗanda suka zo da zumuɗin riƙe kulki jikinsu ya yi sanyi. Sauran horon ya tafi a kan taimakon gaggawa da gobara. Mun danna ƙirjin mutum-mutumin roba har hannuwanmu suka sage: danna 30, hura numfashi 2, da saurin danna 100 zuwa 120 a minti. Ƙuna, a sa ta ƙarƙashin ruwan famfo mai sanyi na minti 20, ba a shafa mata komai. Yaron da farfaɗiya ta kayar ba a cusa masa cokali ko yatsa a baki, ba a danne shi. A kawar da abin da zai buge shi, a duba agogo, in ta wuce minti 5 a nemi motar asibiti. Wannan ɓangaren da ake rainawa shi na fi amfani da shi daga baya, don yaran da na ɗauka zuwa ɗakin shan magani sun ninka ɓarayin da na taɓa gani nesa ba kusa ba.

A fili aka kunna mana wuta cikin rabin duro, kowa ya kashe da tukunyar kashe gobara. Ka zare fil, ka saita bakin tiyo a gindin wutar, ba harshenta ba, ka matsa, ka share dama da hagu. Ƙaramar tukunya cikin 'yan daƙiƙoƙi take ƙarewa, kuma sai ka riƙe ta da hannunka za ka yarda da haka. Shi ya sa aka ce mana wutar da ta fi ƙarfin kwandon shara ta wuce tukunya, ta ƙararrawa ce da 'yan kwana-kwana. Wutar lantarki da ta mai kuwa ba a watsa musu ruwa.

Makarantar da aka kai ni sakandare ce ta kwana. Akwai benen ajujuwa, ɗakunan kwana, ɗakin gwaje-gwaje, kicin, sito, ɗakin janareta, filin wasa da gidajen malamai, katanga ta zagaye su duka, bayanta kuma fili ne da ba kowa. Shugaban masu gadi dattijo ne, manya da yara Baba suke ce masa. Ya miƙo mini tocila, usur, oba-oba da ƙaramin littafi. Makullai bai ba ni ba.

"Ɗana, yau ba gadi za ka yi ba, kallo za ka yi," in ji shi.

Da rana tsaka muka fara zagaye, yana tafe yana jefo tambayoyi. Tagogi nawa ne a bayan ɗakin gwaje-gwaje? Wacce ce gilashinta ya tsage? Wane famfo ne ke ɗiga? Motar wane malami ce ke kwana a gindin bishiya, ta wa ce ba ta taɓa kwana ba? Wace fitila ce ake bari a kunne a ofis? Duk wadda ban iya amsawa ba sai ya sa in koma in gano. Ya daɗe yana yi mini haka kafin ya yarda in yi zagaye ni kaɗai, kuma a ganina duk aikin sintiri a nan yake. Ɓarawo ba ya zuwa da shela, gobara ba ta sallama. Abin da za ka gani shi ne taga da jiya take rufe yau a buɗe, kwaɗon da aka juya fuskarsa, tsani da ya bar inda aka saba jingine shi. Wanda bai san yadda wuri yake kullum ba, ranar da ya canza zai wuce shi da tocila a hannu yana jin yana aiki.

Katanga kuwa ta waje ya sa na zagaye ta. Ya ce in ɗauka ni ne ɓarawon, in nuna masa inda zan haura. Na nuna masa kusurwar da reshen bishiya ya sauko kanta, da wani wuri inda ruwa ya zaizaye gindi, da inda aka tara bulo don wani gini da ba a yi ba. Ya gyaɗa kai, sannan ya kai ni wani wuri da ban lura da shi ba, bayan banɗakin maza. Saman katangar ya yi santsi, waya mai ƙaya ta lanƙwashe, ciyawar ƙasa ta kwanta. Sawun takalman duka fita suke yi, ba shiga ba. Ɗalibai ne ke tsallakewa. "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga," in ji Baba. "Hanyar da yaro ya fita, ita baƙo zai bi ya shigo, kuma yaron ne ya nuna masa."

Aikin rana aka fara ba ni, a bakin get. Kowa na ɗauka shi ne mai sauƙi, tunda a zaune kake a inuwa. Tsarin a takarda ba wuya: baƙo ya faɗi wurin wanda ya zo, ya nuna katin shaida, a rubuta sunansa da lokacin shigarsa, a kira wanda ya zo nema a tabbatar yana jiransa, a rataya masa katin baƙi, in zai fita a karɓe a rubuta lokaci. Wahalar tana wurin mutanen da ido ya saba da su har ya daina ganinsu. Mai kawo kayan kicin, lebura, mai gyaran famfo, tsohon ɗalibi da ya zo gaida malamai, direban da ya manne wa motar shugaban makaranta a baya kafin a rufe ƙofa. Duk wanda ya saɓo tsani ko ya riƙo akwatin kayan aiki, da wuya a tambaye shi ina za shi. Ni ina tambaya, kuma mai gyara ba ya shiga ɗakin kwana sai da ɗayanmu a bayansa har ya gama.

Mafi nauyi a get shi ne miƙa yaro. Kowane ɗalibi yana da fayil a ofis mai sunayen waɗanda aka yarda su ɗauke shi. Wata rana wani mutum ya zo da babbar mota, ya ce shi kawun wata yarinya ne, mahaifiyarta ba lafiya, ya zo tafiya da ita. Sunansa ba ya cikin jerin. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ɗan zauna a kira gida." Ya zaro wayarsa ya ce ga uwar nan zai kira mini ita yanzu. Na ce ya yi haƙuri, lambar da ke cikin fayil ofis zai kira. Nan fa ya hau sama, ya ce ko na san shi wane ne. Na bar shi ya gama, ban ɗaga murya ba, ban kuma matsa daga bakin ƙofa ba. Ofis ya kira, uwar ta tabbatar ƙaninta ne, aka cike takardar fita aka ba shi yarinyar. Ya tafi bai ko kalle ni ba. Gaskiya ya faɗa tun farko, amma muryar da za ta fito daga wayar mai neman yaro ba shaida ba ce, ko ta waye. Gobe ma haka zan yi.

Da rana sintirin ciki yana bin ƙararrawa ne. Lokacin da yara ke cikin aji wajen shiru yake, malamai na tare da su. Rigima tana tashi ne a lokacin tara, da sauyin darasi, da bayan tashi, kuma tana tashi ne inda idon babba ba ya kaiwa: bayan banɗaki, ƙarƙashin matakalar bene, lungun da ke tsakanin sito da katanga. Ba sai ka yi magana ba, tsayuwarka a wurin kan watsa taron.

Da aka mai da ni aikin dare ne Baba ya ba ni makullai, ya sa na ƙirga su a gabansa na sa hannu. A jikin gine-gine an manna wasu 'yan maɓallai, kana zuwa ka taɓa su da na'ura, ita kuma ta rubuta lokacin da ka iso. A da agogo ne mai gadi ke ratayawa, a kowace tasha akwai ɗan makulli da zai zura ya murɗa, ya bar alama a takardar ciki. Dabara ɗaya ce, kuma raunin ɗaya ne: tana nuna ka wuce ta wurin, ba ta nuna ka duba. Na san masu gadin da ke taɓa maɓallan duka cikin sauri su koma ɗaki, rahotonsu fes, ba su ja kwaɗo ko ɗaya ba. Ni kowane kwaɗo sai na ja shi da hannu, don kwaɗon da aka maƙala ba a datse ba daga nesa kamarsu ɗaya da wanda aka kulle.

Ba ma fita a lokaci ɗaya kullum, ba ma bin hanya ɗaya. In kana wucewa ta bayan sito ƙarfe 1 daidai kowane dare, ka ba mai leƙenka jadawali kyauta. Wani lokaci in gama zagaye in juyo nan take in sake bi ta baya. Mai horar da mu ya taɓa ba mu labarin gwajin da 'yan sandan birnin Kansas na Amurka suka yi a 1972 zuwa 1973: suka raba unguwanni 15 gida uku, wasu aka janye musu sintirin mota na yau da kullum, wasu aka bar su yadda suke, wasu aka ninka musu. Da aka duba, yawan laifi bai bambanta wani abin kirki ba. Yawo barkatai bai hana komai ba. Daga baya, a 1995, wani mai bincike Christopher Koper ya duba bayanan birnin Minneapolis ya gano cewa tsayuwar kusan minti 15 a wurin da laifi ya fi yawa ita ce ke barin tasiri mafi daɗewa bayan jami'i ya tafi, kuma wuce haka ba ya ƙara amfani. Bincike ne na titunan birni, ba na makaranta ba, amma ya yi daidai da abin da Baba ke yi tun kafin ya ji sunan kowa: wuraren da aka san matsala ba a ratsa su, tsayawa ake yi.

Tocila ma akwai yadda ake riƙe ta. Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, kuma leƙa waya sau ɗaya ya isa ya mai da kai baya. Don haka a fili nakan kashe ta in yi tafiya da idona, sai na zo lungu in haska, kuma nesa da jikina nake riƙe ta. Ina yawan tsayawa cak in saurara. Hanci kuwa ya fi ido aiki a wasu wurare. A kicin da ɗakin gwaje-gwaje warin gas nake nema. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, kuma in ka ji shi ba ka taɓa makunnin fitila, ko kunnawa ko kashewa. Ka rufe kan tukunya, ka buɗe ƙofofi, ka fita waje kafin ka yi kira. A ɗakunan kwana ƙaurin waya nake nema, don yara ba sa rabuwa da ɓoyayyen hita da soket ɗin da suka haɗa da kansu a bayan gado. Tukwanen kashe gobara ina duba allurarsu tana kan kore, fil na nan, ba a jingina musu tsintsiya da bokiti ba. Masu iskar kabon ba su da allura, auna nauyinsu ake yi, don haka takardar ranar da aka duba su nake karantawa.

Tsakanin ƙarfe 3 da 5 na dare jiki ke neman cin amanar mutum. Ba lalaci ba ne, haka agogon jikin ɗan Adam yake, lokacin ne ya fi neman barci. Mafi haɗari kuma shi ne zama gaban allon kyamarori. Tun 1948 wani masani a Ingila, Norman Mackworth, da yake binciken abin da ke sa masu kallon na'urar hango jirage kuskure alamu, ya zaunar da mutane awa 2 suna kallon hannun agogo don su kama lokacin da ya yi tsalle biyu. Bayan rabin awa na farko kamawarsu ta ragu a fili. Shi ya sa muke karɓa-karɓa, mai allo ya fita zagaye, mai zagaye ya zo ya zauna, kuma muna kiran juna a oba-oba a kai a kai. In na kira ba a amsa ba, ba na jira, zuwa nake yi. Akwai doka guda da Baba ba ya wasa da ita: in ka tarar an ɓalle ƙofa, ba ka shiga kai kaɗai. Ka ja baya inda kake ganin ƙofar, ka kira, ka jira.

A zagayen dare ne na ci karo da abin da ya fi damuna a makarantar. Bayan an kashe fitila, ana rufe ɗakunan kwana ta waje da sarƙa da kwaɗo, tagogi kuma duk an yi musu ƙarfe an like da walda. Makullin yana wurin malamin da ke kula da ɗakin, shi kuma gidansa yana can ƙarshen filin wasa. Dalilin hukumar makaranta ba na banza ba ne: kada yara su fita yawon dare, kada wani ya shigo musu. Iyaye ma in sun ga ƙarfe da kwaɗo hankalinsu kwanciya yake yi. Amma ni da nake jan kwaɗon nan kowane dare, ina jin munsharin yara ta bayan ƙofa, abin da nake lissafawa daban ne. In soket ya kama da wuta a ciki, minti nawa kafin wani ya farka, minti nawa kafin ihunsa ya iso ni, minti nawa kafin in kai gidan malam in dawo? Kuma yawancin waɗanda gobara ke kashewa hayaƙi ne ke gamawa da su kafin wuta ta taɓa su.

Wannan ba tsoron banza ba ne, an sha biyan kuɗinsa da rayukan yara. A 1883, a wani zauren wasa da ke Sunderland a Ingila, yara suka ruga ƙasa ta matakala don karɓar kyaututtuka, suka tarar da ƙofa mai buɗewa ta ciki an sa mata sakata, an bar 'yar kafa da mutum ɗaya kaɗai zai iya bi. Yara 183 suka mutu a turmutsutsun, babu ko wuta. Bayan wannan ne aka fara tilasta cewa ƙofofin fita na wuraren taro su riƙa buɗewa ta waje, aka kuma ƙirƙiro sakatar nan mai dogon ƙarfe da ko jingina da ita aka yi take buɗewa. A 2001 kuma, a sakandaren Kyanguli da ke Kenya, aka cinna wa ɗakin kwana wuta cikin dare, ƙofa ɗaya a kulle, tagogi da ƙarfe. Ɗalibai 67 suka rasu. Fiye da shekara 100 tsakanin abubuwan nan biyu, ƙofa ce dai.

Na rubuta a littafin aiki, na sake rubutawa. Baba ya ce littafi kaɗai ba zai motsa kowa ba, tunda shi ma ya sha faɗa, mu nemi a yi atisayen gobara da dare. Atisayen da aka saba yi na rana ne, yara a aji, an sanar da kowa tun jiya, a fito a jere ana dariya. Shugaban makaranta ya yi jim da muka kai masa maganar, ya ce yara za su firgita. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, gara su firgita muna tsaye a kansu." Aka amince, da sharaɗin a faɗa wa yara makon da za a yi, ba daren ba, kuma malamai da ma'aikaciyar jinya su kasance a kusa.

Daren da aka buga ƙararrawa ina tsaye da agogo a ƙofar ɗakin ƙananan yara, an ce kada in taɓa komai, a bar tsarin ya yi aikinsa yadda yake. Yaran suka taso suka taru a bayan ƙofa suna bugu. Malam ya iso a guje da tarin makullai, ya yi ta gwadawa a hasken tocilata, kuma da kwaɗon ya buɗe, ƙofar ciki take buɗewa, yaran kuma sun danne ta. Sai da aka yi ta ihu su ja baya. A wani ɗakin wasu ba su ma ji ƙararrawar ba. A filin taro aka ƙirga kai bai cika ba, aka shiga nema, ashe yaro ɗaya yana kwance a ɗakin shan magani, ɗaya kuma an tafi da shi gida tun yamma, kuma ba wanda ya gaya wa mai rajistar ɗaki. Shugaban makaranta yana tsaye yana kallo, bai ce komai ba. Washegari shi ya kira taro.

Gyaran bai zo rana ɗaya ba, amma ya zo. Aka cire sarƙoƙi, aka juya ƙofofin suna buɗewa ta waje, aka sa musu sakatar turawa: daga waje a kulle suke, daga ciki ko ƙaramin yaro zai buɗe. Don maganin masu fita yawo aka haɗa kowace ƙofa da 'yar ƙararrawa mai kuka a ɗakinmu da zarar an buɗe ta. A kowane ɗaki aka yanke ƙarfen taga guda aka yi masa maratayi, yana buɗewa ta ciki. Aka sa na'urar jin hayaƙi a silin. Rajistar masu kwana kuma kullum da dare ake kawo mana kwafinta a get, da sunan duk wanda ba ya nan da dalili.

Sannan aka raba ƙararrawa gida biyu, don akwai ranar da fita ita ce halaka. In mahara ne suka shigo, ba ka son yara su tuttuɗo fili. Beslan ta Rasha a 2004, Chibok a watan Afrilun 2014, Peshawar ta Pakistan a Disamban 2014, duk sun nuna cewa makaranta ma ana kai mata hari da gangan, kuma a 2015 ne aka buɗe Sanarwar Kare Makarantu a birnin Oslo, wadda ƙasashe fiye da 100 suka rattaba wa hannu. Ni dai ba na yaudarar kaina. Mai gadi da usur da kulki ba ya tare masu bindiga, kuma duk wanda ya sa wa iyaye wannan ran ya cuce su. Abin da zan iya bayarwa mintuna ne: in gani da wuri, in buga ƙararrawar da ta dace, in kira jami'an tsaro da bayani mai kan gado, su nawa ne, ta ina suka shigo, ina suka nufa. Yanzu ƙara mai tsawo ba yankewa na nufin a fita filin taro, mai yankewa kuma na nufin a shiga ɗaki mafi kusa, a kulle, a kashe fitila, a yi shiru nesa da taga. Mun yi ta maimaita su har 'yan aji ɗaya suna bambancewa.

Duk da haka, labarin da ya fi amfani ba daga kyamara yake zuwa ba, daga yara yake zuwa. A 2002 hukumar da ke tsaron shugabannin Amurka tare da ma'aikatar ilimin ƙasar suka fitar da bincike kan hare-hare 37 da ɗalibai suka kai a makarantunsu tsakanin 1974 da 2000. A kashi 81 cikin 100 akwai aƙalla mutum ɗaya da ya san da shirin kafin a aikata, kuma galibi ɗan'uwansu yaro ne. Sun kuma ce babu wata siffa guda da za a gane mai shirin da ita. Wato kallon fuska ba ya aiki, sai dai wani ya yi magana, yaro kuwa ba ya kai magana wurin wanda yake tsoro. To amma kusanci da yara yana da iyaka mai kaifi. Ba na keɓewa da ɗalibi a ɗaki a rufe, ba na karɓar lambar wayarsa, ba na aikensa, ba ya aikena, ba kyauta tsakaninmu. In yaro ya ce, "Kawu, zan faɗa maka wani abu amma kada ka gaya wa kowa," nakan ce masa ba zan yi wannan alkawari ba, amma wanda zai iya taimaka masa kaɗai zan gaya wa. Yawanci sukan yi shiru kaɗan, sannan su faɗa. Akwai wani ƙaramin yaro da ya riƙa zuwa yana tsayawa kusa da ɗakin gadi duk lokacin tara, ba ya cewa komai. Wanda ya bar wasa ya zo ya tsaya kusa da mai yunifom, akwai abin da yake gudu. Ban tsare shi da tambaya ba, na kai maganar wurin malamar ba da shawara, na kuma ƙara tsayuwa a lungun sito.

Kowane zagaye littafi ne ƙarshensa. Lokaci, wuri, abin da na gani, abin da na yi, wanda na sanar. Ba na rubuta "ɓarawon yaro" ko "ya yi kama da mashayi". Ina rubuta cewa ƙarfe 2:40 na ga ɗalibi a bayan sito riƙe da jaka, na raka shi wurin malamin ɗaki. Rubutun nan wata rana a gaban iyaye ko alƙali za a karanta shi. Da safe kuma in ƙirga makullai a gaban mai karɓata, in karanta masa abin da ya faru, mu sa hannu tare.

Akwai layi guda da har yanzu nake maimaitawa a littafin. A ƙarƙashin matakalar benen ajujuwa an tara tsoffin katifu da karyayyun kujeru da kwalayen takardun jarrabawa. Gobarar da ta kashe ɗalibai 92 da malamai mata 3 a wata makarantar Chicago a 1958 daga gindin matakala ta tashi, hayaƙi ya bi matakalar ya toshe wa 'yan saman bene hanya. Na faɗi wannan a taro, aka ce babu wurin ajiya, amma za a kwashe in an yi hutu. Na rubuta ranar da aka faɗa da ofishin da ya ɗauki alkawarin. Kafin nan na sa an rataya tukunyar kashe gobara a bakin wurin, kuma ya shiga cikin wuraren da nake tsayawa a kowane zagaye.